Baba Ishaya, mutumin da ya ƙi ɗora wa uwata kaya a ka

Wayyo Allah. Ina cikin dama koko da safen nan Rifkatu ta kira ni tana kuka, wai babanta ya tafi. Baba Ishaya mai zane ya rasu.

Tun ɗazu nake zaune, na kasa komai.

Yaran yanzu ba su san shi ba. Amma in kun yi firamare a wajen Narayi cikin shekarun tamanin, wataƙila kun riƙe wani ɗan littafi mai jan bango, labarin matar da ta je tonon doya. Ni na rubuta, shi ya yi hotunan.

Lokacin ina sabuwar malama, ga rawar kai. Shi kuma yana zana adon atamfa a wata masaƙa a Kakuri. In ya tashi aiki sai ya biyo makarantarmu a kan kekensa, da guntayen takardun da aka zubar, ya raba wa yara su yi zane. Ya zauna ya fiƙe musu fensir da reza ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin ya ce wa yaro zanensa bai yi kyau ba, sai dai ya ce, "To, ba ni labarinsa."

Matar cikin littafin uwata ce. Mu Gbagyi ne 'yan Romi, matanmu a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Na sha tsiya a kan wannan a makarantar kwana, har na daina son Mama ta zo mini ziyara. Ina jin kunyar faɗi, amma haka aka yi.

Shi ya sa da ya zo zana ta na ce masa, "Malam, ka ɗora mata ƙwaryar a ka."

Ya ce, "Malama Ladi, haka Mama take ɗauka?"

Na ce ina ruwansa, littafin nawa ne ko nasa?

Ashe ranar Asabar ya hau keke har Romi ba da sanina ba. Ya gaida Mama, ya ci doyarta, ya zauna a bakin hanyar gona ya zana ta tana dawowa. Da ya kawo mini, ga ƙwarya a kafaɗa, ga Mama sak, har tsagar fuskarta. Kai, na yi masifa ranar! Na kwashe takarduna na ce zan nemi wani. Sati uku ko gaisuwarsa ba na amsawa a coci.

Sai ga shi a ƙofar ajina da hoto biyu, na ka da na kafaɗa. Dama al'adarsa ce, ba ya yarda zane ya tafi wurin bugu sai ya nuna wa yara ba rubutu, su faɗi abin da suka gani. Ya ce, "Bari masu littafin su zaɓa. In sun ce na ka, na yarda."

Ya ɗaga na ka, suka ce mata ce da doya. Ya ɗaga na kafaɗa, wasu suka fashe da dariya. Sai wata yarinya a bencin baya, wadda tun da aka shiga zangon ban ji muryarta ba, ta miƙe ta ce, "Kakata ce!" Ta shiga ba su labarin gona, daga tonon doya har gida.

Na fita bayan aji na yi kukana. Na kafaɗa aka buga.

Amma ku san halina da taurin kai, ban taɓa ba shi haƙuri ba.

Sai a Istar da ta wuce na je gaishe shi a Barnawa. Hannunsa na rawa, ko cokali ba ya riƙewa da kyau. Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini abin da na yi maka a kan hoton nan."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ke, tashi! Ni ma ban gama da shi ba. Na yi mata hannun hagu gajere, har yau yana damuna." Ya sa Rifkatu ta ciro ainihin zanen daga akwati, ya ce in tafi da abina.

Shi ne wannan da na sa muku a sama.

Mama ta rasu ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Wannan kaɗai muke da shi. Da ya bi maganata, da yau wata baƙuwa zan nuna wa jikokina.

Baba, na gode. Ubangiji ya karɓe ka, ya ba ka hutu na har abada, ya ta'azantar da Rifkatu da ƙannenta. Don Allah duk wanda ya karanta, Kirista ko Musulmi, ya ɗan tsaya ya sa shi a addu'a.