Bido mai jan ƙyalle

Ko na tsufa na manta sunayen mutane, ranar da na bar bidona, jarkar ɗibar ruwa, a layin fanfo tana nan cikin kaina.

Shekarar ce muka koma Tamaske, maigida ya tafi cin rani ya bar ni da yarinya a goye, ban san kowa ba. A fanfon unguwar, mace takan ajiye bidonta a layi ta koma gida daka. In layi ya motsa, 'yar'uwarta ko ƙawarta ta tura mata gaba. Nawa, da na ɗaura wa jan ƙyalle, inda na bar shi nan nake tarar da shi, an kewaye shi an wuce.

Sai na daina tafiya, nake tsayuwa cikin rana. Bayana kullum akwai wani shuɗin bido da ban san mai shi ba. In na matsa sai in jawo shi, don tsoron kada a ce baƙuwa ta ɓata layi. Ba wadda ta ce sannu.

Rannan ina layi zawo ya kama yarinyar, idanunta suka faɗa. Na ruga likita, muka wuni can. Aka ce in dinga ba ta ruwan gishiri da sukari. Muna hanyar dawowa na tuna randa ƙaf take, fanfo kuma an kulle tun la'asar. Ina tafe ina kuka, ina tunanin ƙofar wa zan buga.

Bakin ƙofata na tarar da bidon, cike, wata tsohuwa zaune kansa tana hutawa.

"Inna, ke kika ɗebo min?"

"Ke ɗiyata, da wane ƙugu? Jikata ta kawo shi a kurar ruwa, ni gadi nake."

"To wa ya sa ku?"

"Oho. Mai shuɗin bido ta fara turawa, maƙwabciyarta ta gani ta tura. Da ya iso gabana, in tsallake shi su ce mi?"

Yarinyar ta sha, ta kwana, ta tashi. Ban yi ƙawa ba a shekarar nan, mai shuɗin bidon ma gaisuwa kawai ke haɗa mu. Amma daga baya duk bidon da aka bari, ko na wace ce, yana tafiya da layi.

Abin da na koya shi ne, mutane suna kallon hannun na kusa da su, abin da ya yi su yi. Ni da ban da kowa, ashe ana kallon nawa.