Kofin da Ba a Cika Ba a Zahir

Funtuwa zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar gida, ranar Talata. Sau uku ina komawa in duba ko na kulle shagon ɗinkina. A jakata akwai harami, ƙullin kuka da daddawa, da ɗan littafin rubutu. Saboda Gwaggo Hajara na sayi littafin. Ƙanenta, Baffa Idi, ya tafi Hajji tun ina goye, can ya yi aure, can ya rasu. Da ta ji zan je Umara ta riƙe hannuna ta ce, "Ilu, ka nemo mini 'ya'yan Idi. Ka duba mini, namu ne har yanzu ko sun zama na wasu. Kada ka rage kome, kada ka ƙara."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta hana ni sakewa. Shinge biyu muka wuce, muka shiga Kano ƙarfe takwas. Jirgi bai tashi ba sai la'asar.

Makka

Daga Jidda bas ta kai mu Makka, muka yi Umara lafiya. Masaukinmu a Aziziyya yake, mu huɗu a ɗaki. A masallacin unguwar na haɗu da Malam Nuhu, mutumin Gusau, ya daɗe yana karatu a garin. Shi ya samo mini lambar Abdurrahman, babban ɗan Baffa.

Zahir

Ranar Asabar bayan la'asar na tari tasi zuwa unguwar su Abdurrahman. Direba ya yi mini tambaya da Larabci, na ce "Zahir," na miƙa masa waya suka yi magana da Abdurrahman. Minti ashirin da biyar muka yi.

Abdurrahman yana bakin ƙofa, goshin Gwaggo sak. Na fara tambayar gida da iyali da gajiya, ya ce "Alhamdulillah, tafaddal," ya ja ni ciki. Hausarsa tana ɗingishi. Ya ɗauko butar gahawa da wani kofi ɗan mitsitsi, ya zuba abin da bai kai rabi ba. Na shanye na miƙa masa kofin, ya ƙara, nan ma bai kai rabi ba. Na ji kunyar in ce ya isa, na yi ta sha har kofi tara. Shi kuwa yana tsaye a kaina, ya ƙi zama. Na fito ƙirjina yana bugawa saboda gahawa.

A masauki na rubuta: gaisuwarsu gajeruwa ce, ba sa cika wa baƙo kofi, ba sa zama da shi.

Aziziyya

Washegari na nuna wa Malam Nuhu, don ya duba mini ko na yi kuskure. Ya karanta ya yi ta dariya.

"Malam Ilu, a nan in aka cika maka kofi, an ce sha ka tafi ke nan. Tsayuwar da ya yi girmamawa ce. In ka ƙoshi girgiza kofin ake yi."

"Ba wanda ya faɗa mini."

"Haka Turawan farko suka yi mana. Mutum ya ratso sahara a kan raƙumi, ya ga daji ya rubuta ba kowa a ciki, alhali kowace rijiya makiyaya sun san sunanta da mai ita. Ya kwana biyu a gari, ya rubuta halin mutanen garin duka. Mutanensa su karanta su yarda."

"Malam, ni da na zo Umara za ka haɗa da Bature?"

"Shi ma da littafi ya zo."

Na rasa abin yi. Ko na yi giba a ƙasa mai tsarki? In na yage shafin, na rage. In na bar shi, na ƙara. Kuma abin da na gani na gani. Na bar shi, na rubuta bayanin Malam a shafin da ke kallonsa.

Zahir kuma

Litinin na koma. A kofi na uku na girgiza kofin. Abdurrahman ya ajiye buta ya zauna kusa da ni yana dariya.

"Ɗan'uwa, wallahi ƙafa ya gaji ran nan. Na ce wa matata, mutanen Najeriya duka ba sa ƙoshi da gahawa."

Ashe shi ma ya rubuta ni, a bakinsa. Aka kawo tuwo da miyar kukar da na kai. Ya ce Babansu yana sonta lokacin da yake raye. Da zan tafi ya ba ni kofi ɗaya in kai wa Gwaggo.

Gida

Ranar Juma'a ƙarfe biyar na yamma na iso Funtuwa, ko jaka ban ajiye ba na wuce wajenta. Na ba ta kofin, na karanta mata shafukan biyu.

"To, namu ne ko kuwa?"

"Gwaggo, ban sani ba. Wuni ɗaya ma ban cika da su ba. Abin da na tabbatar, ba su so in tafi."

Ta daɗe tana juya kofin a tafinta. "Idi ke nan. In ya kama baƙo har takalmi yake ɓoye masa."

Ta sa aka kawo shayi, ta zuba mini da kanta, bai kai rabi ba. Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, na gode wa Malam Nuhu. Ban girgiza kofin ba.