Tarin Ɗan Fari

Shekarar da tarin shiƙa ya shigo Horo Birni, zamanin Turawa, ina da yaro ɗaya, ɗan fari. Idan tarin ya kama shi sai ya sanƙare, idanu waje, numfashin ya dawo da ƙara kamar kukan zakara.

Likitan Turawa ya sa a ƙirga masu tari gari gari, hakimi kuwa ya turo dogarinsa daga Shagari. Mun ji cewa garin da masu tari suka fi yawa, can za a fara tura malamin asibiti na Bodinga da magani. Dogarin bai iya rubutu ba, tsakuwa yake jefawa a aljihu, kowane yaro ɗaya.

Ranar da ya zo gidanmu, maigida ya kai albasa kasuwa, surukata ta tafi gaisuwar mutuwa Mandera. Ni kaɗai ce, sai kawun maigida, tsoho kurma, zaune a zaure. Dogarin ya tsaya bayan danga ya ɗaga murya.

"Masu gida, akwai mai tari nan?"

Mu a wajenmu mace ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta nuna nata ne, balle a gaban baƙo da dangin miji. Haka aka yi mini tarbiyya. Na ce, "To, yaron nan dai na gidanga."

"Ɗanki na?"

Ji wata tambaya, don Allah! Mutumin nan a ƙasar nan aka haife shi, ya san abin da ya tambaya. Sai ya sake wata tambayar.

"Mi as same shi? Yana jin jiki?"

"Da sauƙi," na ce. Me ake cewa in ba haka ba?

"Madalla," in ji shi, ya wuce abinsa. Ta kafar danga na ga tsakuwar tana hannunsa, bai jefa ba. Sakarai, da ya ƙara tsayuwa kaɗan da ya ji tarin da kunnensa.

Ashe ba ni kaɗai ba ce, gida gida "da sauƙi" aka yi ta ba shi. Ya koma da aljihu shafal, aka ce garinmu lafiya. Malamin asibiti ya nufi Lambara. Ko maganin nasa zai yi wani abu, Allah masani. Ni dai ban gan shi ba.

Yaron ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, kansa a cinyar surukata. Maza suka ɗauke shi a tabarma. Mata suka cika gida suna yi wa surukata gaisuwa, ni ina ɗebo musu ruwa. Ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane, ban yi ba, har aka yaba mini.

Da aka watse na tafi gonar albasa, inda ba kowa, na zauna bakin rijiya don in yi kukana. Na jira har rana ta karkata, kukan bai zo ba. Na tashi na ba albasa ruwa.