Ɗakin da Na Gina wa Baƙon Dauro

Ranar da na ɗora wa ɗakin nan jinka wata Laraba ce, bayan an gama yankan dauro, kuma mu biyar ne a gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Burumburum. Akwai Inna da ta haife mu. Akwai Iya, kakarmu ta wajen uba, wadda ba a mayar mata da magana. Akwai Malam Sule mai makarantar allon unguwarmu, ya kawo rubutun sha ya zauna a zaure. Sai ni Kande, ban wuce shekara bakwai ba, sai ƙanwata Lami tana kwance a ɗakin Inna. Baba ya kora jaki kasuwar Tudun Wada tun da sassafe. Shekarar kam kada a tambaye ni, ban yi boko ba, amma Turawa ba su kai ga tafiya ba tukuna.

Ni da Lami 'yar tsana ɗaya gare mu, sunanta Delu. Ƙashin ƙafar akuya ce, Inna ta yi mata kai da kakin zuma, ta ɗaura mata ƙyallen saƙi. Tun da ruwa ya ɗauke muka ƙudurta sai mun gina mata ɗaki a bayan rumbu, irin na manya, ba tarin ƙasa da yara ke yi su rushe kafin la'asar ba. In na gama share tsakar gida, na kai wa awaki harawa, na taya Inna surfe, sai in ɗauki sakaina in je in farfaso ƙasar suri. In jiƙa ta, in marmasa busasshiyar ciyawa a ciki, in kwaɓa, in mulmula tubala ƙanana kamar ƙwan zabo in jera a rana. Lami ce mai ɗebo ruwa a ƙoƙo, rabi a ƙoƙon rabi a zanenta, ga surutu. Ta taka mini tubali ɗanye ba sau ɗaya ba, ni kuma tun a lokacin ba ni da wasa, ranƙwashi take sha. Ta yi kuka, ta share hanci, ta dawo ta tsuguna.

Gini ya kai rabi sai na ji mata a bakin rijiya suna magana ƙasa-ƙasa, wai baƙo ya sauka a unguwar maƙera. Ba a jima ba jikin Lami ya yi zafi, idanunta suka yi jajir, ƙananan ƙuraje suka feso mata daga bayan kunne har ciki. Iya ta duba ta, ta saki labulen asabari, ta ce, "Baƙon dauro ne. Ba a yi masa tsawa, ba a zuba masa ruwa. In ya ga an karrama shi, zai yi kwanakinsa ya wuce." Ƙyanda ke nan, amma a gidanmu ba wanda ya isa ya faɗi wannan suna.

Ni kuwa na san baƙi. Fatake sun sha sauka wajen Baba, da Fulani masu wucewa da shanu. Kowanne a zaure ake yi masa shimfiɗa, a kai masa ruwa da fura, ba wanda ya taɓa shigowa cikin gida, balle ya hau ƙirjin yarinya. Na tarar da Iya tana kaɗi na ce, "Iya, me ya sa ba a yi wa wannan shimfiɗa a zaure ba?" Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Ke dai da tsinin baki. Wannan ɗan ƙaramin baƙo ne, zauren ubanki ya yi masa girma. Tashi ki ba ni wuri." Ita korata take yi. Ni kuma na ɗauki maganar da gaske. Na ce ashe rashin masauki daidai shi ne ya sa ya sauka a jikin Lami, ga kuwa ɗaki daidai shi a bayan rumbu.

An hana ni shiga wurinta, sai na tsaya ta bayan asabari na ce, "Lami, in bai wa baƙon ɗakin Delu?" Ta yi tari mai tsawo, sannan ta ce da wata murya kamar ba tata ba, "Ba shi aro. Amma ki gaya masa kada ya tafi da tabarmar da za ki saƙa wa Delu."

Daga nan na shiga gaggawa, gaggawar kuma ta cuce ni. Na ɗora sahu a kan sahu ƙasa ba ta sha iska ba, bangon gabas ya zube gaba ɗaya. Dole na koma yadda na ga magina suna yi: a ɗora kaɗan, a bar wa rana, a dawo. In zauna in tsura wa laka ido ina jiran ta yi fari, tarin Lami yana iso ni daga ɗakin Inna, kullum ya fi na jiya kaushi. Da bango ya tsaya na jiƙa ɓawon ɗorawa na sami makuba, na yayyafa a ƙasan ɗakin, na yi daɓe da ɗan dutse mai santsi har ya yi sheƙi. Na saƙa tabarma da ɓararren kaba, ba ta kai tafin hannuna ba.

Ranar Larabar nan da hantsi na ɗaure tsaikon jinka da siraran kara, na lulluɓe shi da ciyawar shuci, na ɗora. Na shimfiɗa tabarmar, na zuba fura a ɓawon gyaɗa na ajiye a bakin ƙofa. Sannan na wanke hannu na je bakin ɗakin Inna na durƙusa, yadda ake yi wa babba, na ce, "Baƙo, sannu da hutawa. Ga masauki can bayan rumbu, an yi daɓe, an kai fura." Iya tana zaune a wurin. Na jira tsawarta, ba ta zo ba. Sai ta ajiye mazarinta ta juya fuska wajen bango.

Na koma na tsuguna nesa kaɗan don kada ya ji kunyar shiga. Ina nan har inuwar rumbu ta juya, tururuwa suka taru a kan furar. Wajen la'asar na ji salatin Inna. Malam Sule ya aika aka kira maƙwabta. Baba ya dawo da karan rake da ya sayo wa Lami, ya jingine shi a zaure, kafin magariba har sun dawo daga maƙabarta. Na kama bakin zanen Iya na ce, "Ya tafi?" Ta ce, "Ya tafi." Na ce, "To Lami fa?" Ta ce, "Ta yi masa rakiya."

Kwanan baya wata jikata ta kawo wa 'yarta kwali daga Kano, wai ɗakin 'yar tsana ne. Siraran katako ne an riga an yayyanka, har da taga da gado, sai dai a shafa gam a manna. Kafin tuwo ya nuna sun gama, kafin sati ya zagayo yarinyar ta manta da shi a ƙarƙashin kujera. Na yi faɗa, don ban iya ganin abu a yashe ba. Amma da na ɗaga yarinyar na tuna an yi mata allurar rigakafi tun tana goye, sai na bar faɗan. Yau duk matar da ta ce mini baƙo ya sauka, nakan ce mata ƙyanda sunansa, ta ɗauki yaro ta nufi asibiti. Ni dai na gama karrama shi tun ina shekara bakwai.

Washegarin Larabar nan, gari na wayewa na je bayan rumbu na leƙa. Tabarmar tana nan, bai tafi da ita ba. Na zubar da furarsa, na share ɗakin da gashin kaza, na kwantar da Delu a kai. Sannan na fita ƙofar zaure na zauna ina duban hanya, domin a iya sanina duk wanda ya yi rakiya yakan dawo.