Ɗinkin da Baba Tela Ya Farke

Shekara arba'in da ɗaya Baba Tela ya yi a kan keken ɗinki, a wani ɗan shago da bai fi ɗakin girki girma ba, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da kwanuka. Siririn mutum ne, magana ba ta dame shi ba, kullum da tef ɗin awo a wuya da guntun alli a bayan kunne. Kowa ya san alƙawarin tela, "gobe" ɗin nan da ba ta ƙarewa. Shi kuwa in ya ce maka Talata, to Talata ce, har abokan sana'a suna yi masa tsiya wai yana ɓata musu suna.

Da ido ya fara yi masa gardama, ya rufe shagon ya koma wurin babban ɗansa, direban wani kamfani, a gida na ƙarshe kafin a shiga ciyayi. Wata uku ya yi yana zaune a dakali kamar baƙon da aka manta da shi. Abinci ya daina yi masa daɗi, ya rame har wandon da ya ɗinka wa kansa ya fara zamewa. Abin da ya tashe shi wani ɗan fili ne a bayan ɗakin girki, inda tankin ruwa yake da akurkin kajin surukarsa. Ya auna shi da tef, ya ja layi, ya shuka tumatir da barkono da kabewa da kankana. Layin nan ya miƙe sambal, ko ɗinkin wuyan riga albarka. Kafin wata biyu tsoho ya murmure, har ana jin waƙarsa ƙasa-ƙasa in yana ban ruwa.

Sai dila ya gano wurin. Ya tone gindin barkono, ya huda kankana tun ba ta nuna ba, ya kuma bar kashinsa a tsakiyar layi don ƙarin wulaƙanci. Kaji biyu suka yi ɓatan dabo. Wata safiya Baba Tela ya yi ido huɗu da shi, ya ɗauki tsintsiya ya bi shi da gudu, shi da ya manta rabonsa da gudu. Tiyon ban ruwa ya harɗe shi, ya faɗi a kan ƙugu. Kwana takwas ya yi a kwance.

Ranar da ya fara takawa, ɗansa ya durƙusa a gabansa, kai a ƙasa.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Tumatir ana sayar da shi a kasuwa, ƙashinka ba a sayarwa. Ina so in kira magini ya zuba wa wurin nan siminti, kowa ya huta."

Tsohon ya san ɗansa ba mugunta yake nufi ba, ya kuma san in lambun nan ya tafi, dakali ne zai sake karɓar sa. Sai ya ce, "Ba ni wata guda in yi shinge. In dila ya sake taka lambun nan bayan na gama, ka kira magininka, ba zan ce uffan ba."

Maƙwabta suka yi ta kawo shawara. Wani ya ce guba, wani ya ce tarko, mai aski ya aiko da buhun gashi wai warin mutum yana korar su. Baba Tela ya gode wa kowa, bai ɗauki ko ɗaya ba. Shi a iliminsa ba a yanka yadi sai an yi awo. Kowace yamma sai ya share gefen lambun ya lallaɓe ƙasar, da safe ya sa tabarau ya durƙusa yana bin sawu. Ya auna faɗin tafin, ya auna ramukan da ake tonawa, ya rubuta a tsohon littafin awon kwastomominsa. Surukar tana leƙe ta taga tana dariya.

"Baba, riga za ka ɗinka masa ne?"

"Wadda ba zai iya cirewa ba, 'yar nan."

Abin da ya gano shi ne dila ba ya wahalar da kansa da tsalle in akwai hanyar tono, kuma kullum a gindin shinge yake sa farce. Sai ya sayo ragar waya, ya kafa ta, amma bai yanke ƙasanta ba. Ya kalmasa ta waje kamar bakin riga, kamu biyu, ya binne kalmasar da ƙasa. Duk wanda ya zo tono a gindi, waya zai tarar a kwance. Mahaɗar raga da raga kuwa da siririyar waya ya bi ta, ɗinki kan ɗinki, yana ja da filaya, ko yatsa ba zai shiga ba. Kwana goma sha tara ya yi yana wannan aiki da ƙugu mai ciwo, hannuwansa duk yanka. Wata safiya tun rana ba ta fito ba ya ɗinke mahaɗar ƙarshe, ya ja da baya ya dubi aikinsa. Gaskiya ko shi ya san ya yi kyau.

Kuskurensa irin na tela ne. Tela daga waje yake awo. Ya bi gefen lambun taku-taku, bai taɓa ɗaga ganyen kabewar da ya lulluɓe gindin tanki ba.

Washegari ya fito ya ga aikinsa ya ci. An tona wuri bakwai a kewaye, ko'ina an tarar da waya. Ya fara murmushi, sai ya lura da jini a kan kalmasar, da gashi maƙale a raga. Wanda ya yi tonon nan ba kankana yake nema ba. Yana nan tsaye ya ji wani ɗan kuka siriri daga wajen tanki. Ya ɗaga ganye, sai ga rami, ga 'yan ƙananan kawuna uku suna laluben iska da hanci. Ashe dilar mace ce, kuma lokacin da ya ɗinke mahaɗar ƙarshe ba ta dawo daga yawonta ba. Can cikin ciyayi ya hango ta tsaye, ƙafarta ɗaya a ɗage, ko gezau ba ta yi ba.

Babu wanda ya gani sai shi. In ya sauke ganyen ya koma ɗaki, kwana biyu kukan zai daina, lambu ya zama nasa. Zai iya fitar da su waje, amma ko tsayuwa ba su iya ba, ga karnukan unguwa. Ya zauna a bakin tankin ya dubi tumatir ɗinsa da ya fara ja, ransa yana ƙuna, don yana son lambun nan kamar me. Sannan ya tashi ya ɗauko filaya. Duk rayuwarsa ba abin da ya tsana kamar farke ɗinki, amma haka ya bi mahaɗar kusa da tanki yana warwarewa ɗaya bayan ɗaya, ya lanƙwashe bakin wayar ciki don kada ta sake yankar ta. Ya kwashe kajin surukarsa ya kai su ɗakinsa, ya ce a can za su riƙa kwana.

Da yamma ɗansa ya dawo daga aiki. Tsohon bai bari ya ji a bakin kowa ba, ya tare shi tun a ƙofa.

"Dilar ta shiga lambu, 'ya'yanta suna ƙarƙashin tanki. Ni na buɗe mata da hannuna. Ka kira maginin, sai dai ina roƙon ka bar shi ya yi sati uku, 'ya'yan su yi ƙwari."

Ɗan ya zagaya baya, ya durƙusa da wandon aikinsa ya leƙa ƙarƙashin tanki, ya daɗe a haka. Sannan ya bi shingen da hannu, yana shafa mahaɗar nan da ko yatsa ba ya shiga, har ya zo inda aka farke. Ya dubi hannuwan mahaifinsa.

"Magini ya sha zamansa, Baba. Ranar da suka tashi ni zan mayar da wannan, kana zaune a kujera. Amma sai ka koya mini ɗinkin, don ban san ta inda ake farawa ba."

'Ya'ya shida Baba Tela ya haifa, duk da kekensa ya ciyar da su, babu ɗaya da ya taɓa cewa ya koya masa ɗinki. Bai taɓa nuna abin ya dame shi ba, amma ya dame shi. Ya kawar da kai yana gyaran murya, ya miƙa wa ɗan filaya da guntun waya. Ɗan ya karɓa ya damƙe kamar mai shirin kwance tayar mota.

"Ba haka ake riƙewa ba," in ji tsohon. "Kawo hannunka."