Yaya Hansai Ta Cika Azuminta, Shi Ne Laifinta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yau da safe ina kasuwar Maigatari ina ɗaure wa wani mutumin Damagaram buhunan riɗi, mijin Yaya Hansai ya kira ni. Ko sallama bai yi ba. "Sale, ta tafi."

Yayata ce. Wajen haihuwa, a asibiti a Gumel. Jini ya ƙi tsayawa.

Ga wanda bai san mu ba, ita ce uwata. Innarmu ta rasu ina ƙarami, a shekarun casa'in, lokacin soja, da ake yini a layin mai. Naƙuda ta kama ta a ƙauyenmu na Sule Tankarkar, motar da za ta kai ta Gumel ba fetur. Yaya ce ta goya ni, ko ƙirgar dangi ba ta fara ba.

Ita take ɓoye mini ƙanzo.

Ban yi boko ba, da takardun ƙunshin ƙosai na koyi haɗa baƙi. Ita ba ta karatu, amma duk takardar da ta gani a hanya sai ta tsinto, ta goge da bakin zaninta, ta miƙo mini: "Ungo, malam sarkin baki."

Haihuwarta ta baya da ƙyar ta sha. Likita ya ce wani cikin zai iya tafiya da ita. Sista Rifkatu, nas 'yar Jos da ta daɗe a Gumel har ta fi ni Hausa, ta saka mata robar mahaifa, irin mai sinadarin homon. Mijinta ya yarda. Na ƙona data na karanta komai a kanta: tana hana ɗaukar ciki, tana rage jinin al'ada, wasu ma ya ɗauke musu gaba ɗaya, ba illa.

Na Yaya ya ɗauke. Ta yi kumatu, jiri ya sake ta. Bayan salla ta kira ni tana dariya: "Bana ba ni da ramuwar azumi ko ɗaya!"

Ashe ana kallonta.

Gwaggonmu ce ta fara. "Mace ba ta tsufa ba, ba ta fashin salla? Ina jinin yake zuwa? Taruwa yake a ciki, 'yar nan, ranar da zai fashe ba mai tare shi." Matan unguwa suka ɗauka. Ta yi ciwon kai, roba. Ta yi tuntuɓe, roba.

Zuwana na ƙarshe gidanta a Gagarawa Tasha, na same ta tana tankaɗe. Na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Na ce, "Yaya, ba abin da ke taruwa! Jikin ne bai haɗa jinin ba!"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Sale, kai a waya ka karanta. Ni da mutane nake zaune."

Ta ɗaure mini dakuwa a leda, ta ce in rage baki ko na samu mata.

Sista ta roƙe ta, ta zana mata hoto, ta ce ko allura ce a yi mata a madadi. Yaya ta ce a cire, ta gaji da bakin mutane. Aka cire, ciki ya shiga.

Yanzu an ce Gwaggo tana can tsakar gida tana birgima, kuma wallahi kukan gaskiya take yi. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da ƙiyayya ce da na san wanda zan zaga. Son ta suke yi.

Kada kowa ya rubuta mini kwana ne ya ƙare. Na sani. Haka aka gaya mana ranar Inna. Karatun me na yi, in yayata ma ban iya tsarewa da shi ba? Gobe wata za ta je a cire mata, kuma ba ni da sauran bakin da zan hana ta.

Jaririyar tana raye, mace ce, 'yar firit, ta kasa kama madara. Nas ta ce sai dai addu'a.

Ya Allah ka jiƙan Hansai, ka karɓi azuminta, ka haskaka kabarinta, ka haɗa ta da Inna a Aljanna. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu, ya kuma roƙa wa yarinyar nan ta kai ranar suna.