Mai Jinyar Kifi

A shagon mai kifin ado, wani ƙato mai gashin baki yana tsaye rungume da kwalba, sai ka ce mai jego. A ciki ɗan jan kifi ne duk ya rame, tsutsa kamar zare tana reto a cikinsa.

"Tun jiya ko loma bai yi ba," in ji shi. "Ni ma haka."

Tumbinsa dai bai ba da shaida ba. Ina jin a gidansu kifin nan kaɗai ke tarbarsa in ya dawo daga aiki.

Mai shago ya miƙo magani yana hamma. "Yallaɓai, sayi wani mana. Duk kamarsu ɗaya."

Mutumin ya cire hula ya rufe kwalbar.

"Haba malam! A gaban mara lafiya?"